Idanun Baba Bonat

"Cire min kalar nan," in ji Baba Bonat, yana nuna kwamfuta da sandarsa.

Mufida ta juyo. Shekara tara shagonta na gyaran hoto yana manne da rumfarsa ta faci a Agege, ba ta taɓa ganin ya zauna ba sai yau. Ciwon hanta ya cinye shi, idanunsa sun yi rawaya kamar kurkum, hoton da ta ɗauke shi yanzu kuwa bai rufa masa asiri ba.

"Baba, hoton na mene ne?"

"Na bango mana. In na tafi ai sai sun liƙa ni. Ciwo ya ci jikina, ba zai ci hotona ba."

Ta zare kalar, hoton ya koma baƙi da fari. Rawayar ta ɓace ɓat. Ta kai hannu za ta goge tabon da ƙarfen taya ya bar masa a goshi.

"Kul! Wannan nawa ne, aiki ya ba ni."

Kwana goma sha ɗaya ya ƙara a duniya.

Washegarin rasuwarsa sai ga ɗansa Dickson daga Ikeja, wanda rabonsa da rumfar tun bara, ya shigo shagon kan maganar hoton, yana ta ƙamshin turare.

"Madam, a dawo da kala, a sa masa kwat, a share tabon nan. Abokan aikina za su gani."

Ran Mufida ya ɓaci ƙwarai. Wai kwat! Mutumin da ya shekara talatin cikin riga mai baƙin mai.

"Oga, ba zan taɓa shi ba."

"Ubanki ne ko nawa?"

"Naka ne. Amma kan bencin nan ya zauna, da bakinsa ya faɗi yadda yake so a gan shi. Ka kai wani shagon, ni dai ba da hannuna ba."

Ta juya masa kwamfutar. Dickson ya buɗe baki zai yi masifa, sai ya ci karo da idanun, farare tas, irin na da. Ya ja bencin ya zauna.

"Buga haka," ya ce, muryarsa a dushe.

Ranar Asabar aka tafi da gawarsa garinsu, Zonkwa. A bangon bakin layin dogo, tsakanin takardun sanarwar mutuwa masu kala-kala, Baba Bonat na nan da tabonsa yana kallon titi, daidai inda 'yan keke suka saba tsayawa ya sa musu iska.