Ranar da Waliyyi Ya Huta a Ƙofarmu

A bangon ɗakin Doña Eduviges akwai wani tabon danshi mai kama da doki. Da damina ya yi ƙiba, da rani ya rame. Nakan shiga gaishe ta, amma dokin nake zuwa dubawa.

"Don Crisóforo, ka kawo wa dabbarka ciyawa?" takan ce. "Don Allah ja shi ku tafi, tari yake sa ni."

Gidanmu na haya tsoho ne, a unguwar Guerrero: ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Tun da wani ya taya filin, mai gida Don Próspero ya daina gyara, ya fara korar mutane. Eduviges ya fara zaɓa, don ba ta da kowa. A ɗakin nan ta yi aure, a nan ta yi jinyar mijinta har ya cika.

Na raka ta ofishin ƙungiyar 'yan haya, bayan shagon mai gyaran takalma. Lauyar ƙungiyar, Nohemí, ta saurare ta har ƙarshe.

"Mama, babu mai fitar da ke sai da takardar kotu. In sun zo da ƙarfi, ga wannan." Ta miƙo roka uku irin na biki, masu tashi sama su fashe. "A harba su a jere. Duk maƙwabcin da ya ji zai bar abin da yake yi ya zo."

"Ni da ko ashana tsoro nake ji?"

"Ba ga Don Crisóforo ba? Dama kullum kansa na sama."

Na ajiye su a saman rufi, kusa da tankin ruwa mai gurnani kamar tsohon kare. Nakan zauna ina tunanin yadda za su tsaga gajimare.

Amma Don Próspero ɗan unguwa ne, ya san kalanda. Ranar bikin waliyyin unguwarmu ya turo ƙartinsa da mota. Tun asuba sama ke fashewa da rokokin biki ta ko'ina. Na hau rufi na harba nawa. Suka tashi da kyau, suka bar hayaƙi kamar auduga, suka ɓace cikin 'yan uwansu. Ko kare bai waiwayo ba.

A ƙasa har an ɗauko gadon Eduviges, an nufi ƙofa da shi. Daga sama na hango jerin gwanon biki yana shigowa layinmu, mutum-mutumin waliyyi yana tangaɗi a kafaɗun maza kamar jirgin ruwa a kan furanni. Sai ga Eduviges ta fita ba takalmi, ta tsaya a gabansu.

"Nabor!" ta kira mahaucin da ke gaba cikin masu ɗauke da waliyyin. "Kai da ƙaton wuyanka ba ka gajiya, amma shi fa? Tun safe yake cikin rana. Ku kawo shi ƙofarmu ya huta."

Nabor ya dubi motar, ya dubi ƙafar gadon da ta leƙo waje.

"Gaskiyarki, Mama. Har gumi yake yi. Ku sauke, jama'a!"

Suka dire shi daidai bakin ƙofa. A wurinmu, in waliyyi ya sauka a ƙofa, ba a ƙetare shi da kaya. Ƙartin suka tsaya cak, gado a hannu. Ɗaya ya so cire hula, hannu babu dama. Mata suka fara waƙa, turare ya cika zaure.

Nohemí ta fito daga cikin taron, kyandir a hannunta.

"Samari, ina takardar kotu?"

Suka dubi juna.

"Oga ya ce tana tafe."

"To, gadon ya koma ya jira ta. A hankali, ya girme ku."

Suka mayar da shi. Eduviges ma ta sa suka matsar mata da shi nesa da danshi, ta ba su ruwa suka sha.

Da yamma, bayan waliyyi ya wuce, na shiga duba dokin. Gadon ya daɗe yana rufe ƙasan bangon. Ashe duk shekarun nan yana da ƙafafu, a tsaye yake daram.