Sunan da Ke Kan Katin Ta'amin

Injin sussukar dawa ne ya kama hannun Gado a gonakin Gedambaliya. Da aka sauke shi daga lori a ƙofar asibiti a Gadarif ya riga ya suma, kuma babu kowa tare da shi sai mahaifiyarsa, Shatu. Mai rajistar marasa lafiya ya tambaye ta sunansa, ta ce Gado. Haka ya rubuta a fayil. Haka kuma likitar, Diktora Atika, ta kwafa a takardar neman izini, ta sa lambar raunin da lambar aikin da za a yi.

Bayan azahar takardar ta dawo daga ofishin ta'amin, masu ɗaukar nauyin magani, da jan biro a kanta. Sunan fayil daban, sunan katin da aka ciro daga aljihunsa daban.

Diktora ta zaunar da Shatu a benci ta yi mata bayani a hankali. An tsayar da jinin, amma ƙarafan da za a haɗa ƙashin da su suna ma'aji, ba a fitar da su sai da hatimin ta'amin. In rana ta faɗi ba a yi aikin ba, sai dai a yanke hannun.

Shatu ta sunkuyar da kai ta ce ai ɗan fari ne. Diktora ta gane nan take, don ita ma a irin gidan ta tashi. Gado laƙabi ne. Shekara talatin da ɗaya, sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakin uwarsa ba.

"Inna, ba ni da ikon gogewa," in ji Diktora. "Layi ɗaya zan ja a kan kuskuren, in sa kwanan wata da hannuna. Amma ke kika ba da sunan, ke za ki gyara a gaban jami'insu."

Jami'in ba mugu ba ne, gajiya ce kawai a fuskarsa. Diktora ta roƙe shi da Larabci ya bari ita ta karanta sunan, tsohuwar kuma ta tabbatar da shi kawai. Ya ƙi. Ya ce mutane suna aron katin dangi, gyaɗa kai kuwa kowa ya iya. Ya kife katin a kan tebur, ya ɗora hannu a kai.

Shatu ta faɗa masa cewa sunan surukinta aka sa wa yaron. Ta faɗi unguwarsu a Doka, da tabon da ke ƙafarsa ta hagu, da shekarar da aka haife shi. Ta ce a aika garin Basunda a kira matarsa. Diktora ta dubi agogo.

"Ya hajja, sunan kawai," in ji jami'in.

Shatu ta nemi a rufe ƙofa, aka rufe. Ta ja mayafi ta lulluɓe fuskarta gaba ɗaya, ta juya wajen bango.

"Kassim," ta ce. Muryar da ƙyar ta fito.

Jami'in ya juya katin ya duba, ya buga hatimi. Diktora ta ja layinta, ta sa hannu, ta fita da gudu riƙe da takardar. Shatu tana nan tsaye tana fuskantar bango, har sai da wata ma'aikaciya ta zo ta kama hannunta don ta dangwala yatsa a fayil.