Dankalin da Jafaru Ya Aiko

"Karanta mini bayan ledar nan, Malam. Kai ne mai Turanci."

Maƙwabcina Ɗantsoho tela ne ya miƙo mini ita a zaurensa bayan La'asar. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Wata huɗu ke nan da likita ya hana shi gishiri, matarsa Larai tana yi masa miya lami, yana turewa.

Ɗansu Jafaru, wanda ya shekara uku a Libiya ko waya ba ya yi, shi ya aiko da katan guda ta hannun wani direban Mai'aduwa. Soyayyen dankalin Turawa ne, da hoton wani ganye siriri a gaban ledar. Ganyen nan ya sa gidan suka yanke cewa magani ne. Ɗantsoho yana cin leda ɗaya safe, ɗaya yamma, da bisimilla.

Na sa tabarau na karanta. Mai ne da gishiri, sai abin da ke sa ƙiba. Ganyen, dil suke ce masa, ƙamshi kawai aka sa shi ya yi. Na gaya masa leda biyun nan sun fi miyar da aka hana shi gishiri. Ban sassauta ba. Lokacin jinyar matata an yi ta ɓoye mini gaskiya, kuma hakan bai hana a kai ta maƙabarta ba.

Ya daɗe yana kallon hoton.

"Ke nan yaron bai san ina kwance ba?"

"Ko ya sani, bai karanta ba."

Ya roƙe ni kada Larai ta ji, don ita abin da take riƙe da shi ke nan, cewa ɗanta ya tuna da uban. Na ce to, amma da sharaɗin ya daina ci. Ya ce in ya daina ai za ta tambayi dalili.

Kwana goma sha tara ya ƙara a duniya. Na sha haɗuwa da Larai a ƙofar gida, ina gaishe ta in wuce.

Ranar sadakar uku Larai ta juye sauran dankalin a faranti ta aiko wa maza a waje, ta ce maganin Jafaru ne, kada ya lalace. Tsofaffin unguwa suka ci. Da liman ya ce a yi addu'a, sai kowa ya lashe gishirin yatsunsa, sannan ya ɗaga hannu.