Manhajar Kangwa a Wayar Goggo

Ni na saka wa Yaya Chisala manhajar a waya, lokacin da na gama jami'a na dawo gidanta a Kitwe. Ɗanta Kangwa yana da lalurar galahanga. Idan abu ya zo masa ba shiri, sai ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu. Manhajar tana nuna masa hoton abin da zai yi nan gaba: buroshi, takalmi, kwanon nshima, wato tuwon masara. Da ya saba da ita, safiyarmu ta yi sauƙi. Mu kuma komai nasa muna rubutawa a ciki, har ranakun da ya jiƙa katifa.

Muna cikin mota za mu Ndola gaida Goggo Nsofwa, ƙanwar babanmu, na karɓi wayar na ga dangi birjik a cikin manhajar, a wurin masu kula da yaro.

"Yaya, su wa kika saka a nan?"

"Masu rainonsa aka ce. Wa bai raine shi ba? 'Yan uwan babansa, matar Mutale, Goggo..."

"Goggo? Ai duk abin da muka rubuta tana gani!"

Yaya ta dafe ƙirji. Yayanmu Mutale yana da mata da 'ya'ya, amma har yau Goggo tana kiransa Sarkin Tabarma, saboda fitsarin kwancen yarinta. Idan ta laƙaba wa Kangwa suna a gaban yara, ya bi shi ke nan.

Muka tarar da gida cike. Goggo ta kashe rediyo da kanta.

"Kai, ku rage mana surutu, mijina ya iso!"

Ba ta rungumi Kangwa ba, ba ta ce sai ya gaishe ta ba. Ta wuce gaba zuwa ɗakin baya. Ga nshima a kwano ɗaya, miya a wani, ba su haɗu ba, yadda yake so. Na zauna a bakin gado, sai na ji leda ta yi ƙara a ƙarƙashin zanin. Na ɗago kai.

"Me kike kallo, 'yar boko?" Ta rage murya. "Abin da kuke rubutawa, ni kaɗai nake karantawa, da tabarauna. Amma ki cire matar Mutale, bakinta ya fi nawa."

Nan take na cire sauran dangi, na rufe shafin katifa. Na tsaya a kan sunan Goggo.

"Ki taɓa ni ki gani. Ke ma ina da sunanki a ajiye."

Na bar ta. Kangwa ya wanke hannu, ya gutsuri nshima.