Mazurarin Zoɓon Mastura

Muntaka ne ya kawo abin daga siton da yake dako a unguwar Khumra a Jidda. Wani kwalin kayan kicin ya fashe, aka share tarkacen zuwa shara, shi kuma ya tsinci wannan ko tsagewa bai yi ba. Roba ce mai haske kamar gilashi, sama da faɗi, ƙasa a tsuke, da ƙananan huji biyu a gefe. Babu rubutu a jikinsa.

"Yaya, ga mazurarin 'yan gayu," ya ce wa Mastura. "Ki huta da yanka gorar ruwa."

Mastura ta zo Umra daga Kano da tsohon ciki, ba ta koma ba. A Jidda ta haifi Rim, a Jidda ta binne mijinta. Rim ta zama budurwa, amma daga ita har uwar babu mai iƙama, wato takardar izinin zama. Zoɓo ne ke riƙe da gidan. Mastura kan dafa shi da citta da kanumfari, ta kai shi inuwar katangar sito, inda 'yan dako ke hutawa bayan azahar.

Ranar da ta fara zuba zoɓo ta cikin abin, sai ya yi wata zuƙa kamar mai kurɓar kunu da zafi, zoɓon ya faɗa kofi da kumfa a kansa. 'Yan dako suka taru. Wani Basudane ya rantse ɗanɗanon ya canza, tsamin ya kwanta. Muntaka ya ce ƙarya ne. Ya juya baya ya cika kofi biyu, ɗaya ta mazurarin, ɗaya kai tsaye, ya miƙa masa.

"To, malamin harshe, wanne ne?"

Basudanen ya kurɓi wannan, ya kurɓi wancan, ya nuna wanda aka zuba kai tsaye. Aka yi ta masa dariya. Duk da haka washegari kowa cewa yake a ba shi mai kumfa, har daga wasu situna ake tahowa.

Rim ta ɗauki hoton bidiyo ta sa a intanet. Hannun uwarta kawai ya fito, da jan ruwa yana gangarawa, da katangar sito mai shuɗin fenti a baya.

Wata ranar Talata, Mastura na tace zoɓo da hantsi, Rim ta shigo kicin riƙe da waya, fuskarta babu annuri.

"Ummi, wannan abin ba mazurari ba ne."

"To mene ne?"

"Na khamar ne. Giya, Ummi. Giyar inabi, ja. Ana zuba ta ciki don iska ta shige ta da sauri. Mutane sun rubuta a ƙasan bidiyon." Ta haɗiye yawu. "Wani ya ce ya gane katangar."

Mastura ta dubi tukunyar. Ba ta taɓa ganin giyar inabi ba. Ta tambaya ko kalarta haka take, Rim ta gyaɗa kai.

"Goge shi."

"Na goge. Amma wasu sun riga sun kwafa."

Duk da haka Mastura ta fita kasuwarta, don an riga an dafa, kuma rashin fitar zai fi jawo tambaya. Mazurarin ta ƙulle shi a leda ta tura ƙasan kula.

Bayan la'asar, 'yan dako sun koma ciki, wata farar mota ta tsaya a ƙetaren titi. Injin bai mutu ba. Can sai wani mutum ya fito cikin farar jallabiya mai karin guga, ya tako a hankali. Irinsa ba sa tsayawa a wannan layin.

"Salamu alaikum, ya Hajja," ya faɗa da Larabci. "Sunana Nawaf. Ke ce mai bidiyon?"

"Karkade nake sayarwa," in ji Mastura. Sunan da Larabawa ke kiran zoɓo ke nan.

"Na sani. Zuba mini."

Ta zuba kai tsaye. Ya ɗaga kofin ga haske, ya kaɗa shi, ya shinshina, sannan ya kurɓa.

"Ina abin?"

"Ya ɓata."

Ya yi murmushi ya dubi kular. "Ba asara. Ba ya yin komai, wallahi, ƙara ce kawai da kumfa. In kin juye a jug kin bar shi ya ɗan zauna, duk ɗaya ne." Ya rage murya. "Na gida nake so, ya Hajja. Wanda ba a fitowa da shi."

"Babu komai a gida."

"Kowa haka yake cewa ranar farko." Ya ajiye kofin. "A nan kusa kike, ko? Ke da 'yarki? Muryarta ce a bidiyon. Gobe war haka zan dawo da abokaina."

Motar ta daɗe a tsaye bayan ya shiga.

A gida Muntaka ya saurari labarin yana tsaye, ko takalmi bai cire ba.

"Ɗan sanda ne," in ji Rim.

"Ko mashayi. Wanda ya san yadda ake juye ta a jug."

"Ɗan sanda ma zai iya sani, Kawu. To mu je da kanmu mu faɗa musu. Su gwada, su ga zoɓo ne, halas."

"Su gwada," in ji Muntaka. "Su ce madalla, zoɓo ne. Sai su ce, ya Hajja, ina iƙama? Ke kuma ina taki?"

Kano a bakin uwarta kawai Rim ta san ta. Hausarta ma rabi Larabci ce. In aka kama su, jirgi za a sa su zuwa can, kuma babu tabbacin jirgi ɗaya ne.

"Ni na jawo," in ji Muntaka.

"Miƙo mini turmi," in ji Mastura.

Robar ta fi yadda ta zata tauri. Sai da ta rufa mata tsumma don kada maƙwabta su ji, ta yi ta kirɓa har ta koma tsaki. Sauran zoɓon ta tuttular a banɗaki. Jan ya kama tsakanin tayil, ta durƙusa da buroshi tana gogewa, Rim na zuba ruwa. Buhun busasshen zoɓon da ya rage, Muntaka ya kai shi kwandon sharar wata unguwa.

Da safe wani abokin Muntaka ya zo da a-kori-kura. Katifa biyu, tukwane, akwatin tufafi. Ba su yi sallama da kowa ba. Wata 'yar garinsu da ke aikatau a unguwar Safa ta samo musu ɗaki a saman wani bene, kusa da tankunan ruwa.

Muntaka ya je aiki kamar kullum. Bayan la'asar ya leƙa ta ƙofar sito. Farar motar ta zo, da mutum uku a ciki. Nawaf ya fito ya tsaya inda kular ke zama, ya tambayi Basudanen ina Hajja. Basudanen ya ce bai san wata Hajja ba, shi baƙo ne. Ɗaya daga na cikin motar ya ɗauki hoton katangar. Su waye, Muntaka bai sani ba, kuma bai tambaya ba.

Yanzu Mastura kunun aya take yi, fari sol, tana kai wa masu gadin gidaje a Safa. Da yankakkiyar gorar ruwa take ɗura shi. Kwanan baya wani direba ɗan Zinder ya ji Hausarta, ya ce, "Inna, ba kya zoɓo ne?"

Ta dubi titi, hagu da dama.

"Ban iya ba," ta ce.