Igiyar Shanya Sau Biyar

"Baba, garin nan shimfiɗe yake kamar tabarma, ko tudun shara na kirki babu!" Muryar Dina ke nan a wayata, wadda na kara a kunnen mahaifinta.

Baba Dantong maƙwabcina ne a Tina Junction, katangarmu ɗaya. Tsohon ɗan tsere ne, shi ya koya wa Dina gudu a kan tudun ƙasar da masu haƙar kuza suka bari bayan unguwarmu. Yanzu aiki ya kai ta Maiduguri, ga gasar gudun hawan dutse saura wata biyu. In ba ta sami inda za ta riƙa hawa ba, wahalar shekara goma ta tashi a banza.

"Ki daina duba sama," in ji shi. "Tambayi masu bulo inda suna ɗiban ƙasa. Ki shiga ramin, ki haura da gudu."

"Mai tsawon yaya?"

"Zan auna miki namu."

Da ta kashe wayar na ce, "Baba, likita fa ya hana ka ko tsallaka kwata."

"Maman Salim, likitan ya taɓa gudu? Kuma kada ki gaya mata zancen ciwon zuciyan nan. Za ta bar tirenin ɗin gudun ta taho."

Ban taɓa ganin taurin kai irin nasa ba, amma wallahi ya burge ni. Washegari ya kwance igiyar shanyata ko izini babu. Daga ƙofar shagon ɗinkina na hango shi a jikin tudun, ya shimfiɗa igiya, ya dafa gwiwa, ya sake hawa.

Ya dawo leɓɓansa sun yi fari. "Sau biyar. Auna da tef ɗinki."

Igiyar yadi takwas ce. Na aika wa Dina saƙo: ki nemi gangara mai yadi arba'in.

Kwana biyu bayan haka ya rasu da hantsi, zaune a kujerarsa. Ba a kai ga sanar da kowa ba wayata ta yi ƙara. Dina ce, tana haki tana dariya.

"Anti, na samu ramin! Sau goma na hau! Ba wa Baba wayar ya ji!"

"Zauna tukuna, Dina," na ce. "Bari numfashinki ya dawo."

Ina sauraron hakinta ina kallon barandarsu. Takalman gudunsa na nan a jere da jar ƙasa a jiki, igiyata a naɗe a kansu.