Abin da Tela Ya Rubuta Bayan Bismilla

A shekarar 2013 ina zuwa gidan Hajiya Mahasin a unguwar Hadayek el-Maadi sau uku a mako. Mijina yana karatu a jami'a, ni kuma ba abin da nake yi a ɗakinmu na Hay el-Sabi'. Hajiya Bahaushiyar Sudan ce, idonta ya daina gani. Ɗanta Sulaimanu direba ne a wani ofis a Dokki, sai la'asar yake dawowa. Aikina in dafa mata shayi, in ba ta magani, in tsefe mata kai.

Karatuna bai yi nisa ba, aji huɗu na firamare ne sai allo. Amma a allo na koyi ajami. Ran da Hajiya ta ji haka, ta sa na hau kujera na sauko da wani ƙunshi daga kan kabad, inda ake ajiye Alƙur'anai. Tsohon littafin rubutu ne a naɗe cikin koren ƙyalle. Ta ce rubutun mijinta ne, Malam Ishaq tela, wanda ya rasu a garin Madani can Sudan shekara tara da suka wuce. Na ce bari in yi alwala. Ta yi dariya, ta ce ba sai na wahalar da kaina ba.

Waƙoƙi ne. Kowacce ta fara da Bismilla da salati, kamar waƙar wa'azi. A ta farko na karanta baiti biyu lafiya, a na uku na tsaya.

*Mahasin ta fito daga dukhan,*
*Zani ɗaya, shi ma bai kama ba.*
*Na ajiye allura da almakashi,*
*Rigar liman ta kwana ba wuya.*

Dukhan shi ne hayaƙin itace mai ƙamshi da matan aure na Sudan suke zama a kansa. Abin da ya biyo bayan wannan baiti ban taɓa jin an faɗa da baki ba, balle a rubuta. Ya ambaci wuyanta, da ɗumin bayanta, da inda ɗigon humra yake tsayawa. Sai na tsallake zuwa shafi na gaba.

"Ya bitti, 'yata, kin ci baiti huɗu," in ji Hajiya. "Ni makauniya ce, ba kurma ba. Koma."

Na koma. Haka muka yi wata biyu. Ina karantawa kaina a ƙasa, ita kuma tana gyara mini inda na yi tuntuɓe, don duk ta haddace. Wani lokaci takan ce ƙarya yake yi, ba ta taɓa yin ƙiba haka ba. Akwai kuma 'yan gajerun labarai a ƙarshen littafin, na wani tela da matarsa da ranar da ruwan sama ya hana kowa zuwa shago. Ban faɗa wa mijina ba.

Wata Alhamis Sulaimanu ya dawo da wuri, ya tarar da ƙyallen a kan gado. Ya ji daɗi. Hausarsa kaɗan ce, rabi Larabci, amma na gane abin da yake cewa. Ya daɗe yana son a fitar da waƙoƙin wa'azin mahaifinsa. Ya yi magana da wasu ɗalibai 'yan Najeriya, za su buga su a na'ura, a raba a masallaci ya zama sadaka ga mamaci. Gobe bayan Juma'a zai kai musu.

Sulaimanu ɗan farin Hajiya ne, ko sunansa ba ta faɗa, Mai Mota take ce masa. Ba yadda za ta buɗe baki ta gaya masa abin da ke ciki. Da ya fita, ta ce ɗaliban nan sun san ta, suna zuwa gaishe ta da salla, suna ce mata Haboba, wato kaka. Daga nan ta juya fuskarta bango. Shayin da na dafa ya huce a wurin.

Juma'a ba ranar aikina ba ce, amma na shiga jirgin ƙasa na metro na je. Na same shi a falo da jallabiyya fara, ya sa littafin a leda. Tun da na fara aiki a gidan ban taɓa yi masa maganar da ta wuce gaisuwa ba.

"Ustaz, ba wa'azi ba ne."

Ya ce ma'alesh, wato in yi haƙuri, amma shi ma ya iya karanta haruffa, ga Bismilla ga salati a shafin farko, ya gani da idonsa tun yana yaro. Na miƙa hannu, ya ba ni. Na buɗe, na karanta baiti na uku, ina kallon tayil. Muryata ba ta fita sosai ba, sai da ya matso. Ban san ko kalma nawa ya gane ba. Ya dai gane sunan mahaifiyarsa, da dukhan, da zani.

"Khalas," ya ce. "Khalas, ya isa."

Ya tsaya ɗan lokaci yana naɗe ledar da ba komai a ciki. Ya tambaye ni ko duka haka suke, na ce wannan ce mai sauƙi. Ya kalli saman kabad inda littafin ya shekara tara tsakanin Alƙur'anai, ya ce kada a mayar da shi can. Ya ɗauki dardumarsa ya tafi masallaci, bai leƙa ɗakin Hajiya ba.

Na shiga na sa mata littafin a cinya. Ta shafa bangon, ta tura shi ƙarƙashin matashi. Ta tambaya wanne na karanta masa, na ce na rigar liman. Ta ce da ma limamin nan bai taɓa sanin dalilin da ya sa ɗinkinsa yake makara ba. Sai ta ce in ɗora shayi, wannan karon da na'ana'a.